Kunun Ishaya

Jikana da ke karatu a jami'a ya sayo 'yar tukunyar gaz, irin mai murhu a kanta, ya girka ta a ɗakin zauren da na ba shi a gidana nan unguwar Zariya, cikin Maraɗi. Da yamma in ya dawo, sai ya jingina salularsa da bango, wata mata a ciki tana faɗa masa ya yanka albasa, ya zuba mai, ya jira ruwa ya tafasa. In bai gane ba ya mayar da ita baya, ta sake faɗa. Ba ta gajiya, ba ta yi masa dariya. Kafin a kira magariba ya sauke taliya da kifin gwangwani, abokansa su zo su zagaye faranti suna yaba masa. Ba hayaƙi a idonsa, ba toka a wandonsa, ba matan gida a bakin ƙofa suna zungurin juna. Ni kuwa ina zaune a tabarma ina kallo. Ya kamata in ji daɗi, kuma ina ji, amma a ƙarƙashin daɗin akwai wani abu da na san kamanninsa tun ina saurayi. Ƙyashi ne. Ba yau na fara ƙyashin namijin da ya iya girki ba.

A Jiratawa na tashi, ni kaɗai namiji bayan 'yan mata, shi ya sa Inna take ce mani Auta har na yi gemu. Gidanmu ba agogo, da sauti muke sanin lokaci. In ka ji luguden taɓarya biyu a turmi ɗaya, an fara surfe ke nan. In ka ji gurzar dutsen niƙa, rana ta ɗaga. In muciya ta fara bugun gindin tukunya, to ka je ka wanke hannu. Duk wannan ta bayan danga nake jinsa. In na matso kusa da murhu, ko don jin ɗumi ne, Inna za ta ɗaga ludayi ta ce, "Tashi nan, Auta, ba wurin namiji ba ne. Tahi lambu wajen ubanka." Sai in tafi. Na iya ban ruwa, na iya dashen tumatir da albasa, na san zogalen da ya isa yanka, amma yadda waɗannan abubuwa suke zama miya ban taɓa gani da idona ba. Nakan ji yayyena suna hira da ita a bakin wuta, ƙasa-ƙasa, wani lokaci su tuntsire da dariya, in na leƙo su yi shiru. A lokacin ban damu ba. Kwanona yana zuwa a cike, da tsoka a sama in an samu.

Da na tasa, Baba ya kawo ni Maraɗi koyon ɗinki. Aka sama mani ɗaki a Sabon Gari, gidan wata tsohuwa, Iya Tsahara, gida mai ɗakunan haya jere da rijiya a tsakiya. Ɗakin ba ni kaɗai ba ne, na tarar da wani saurayi a ciki, Ishaya, ɗan Tibiri, Kirista, yana koyon kafinta. Almajirin sana'a a wancan zamani ba shi da albashi. Abin da maigida ya ɗan miƙo maka ranar da aka samu aiki, shi ke nan, kuma ba ya isa ka riƙa cin abincin saye. Da farko na gwada. Ƙosai da safe, hura da rana, tuwon kasuwa da dare, kafin tsakiyar wata aljihu ya bushe, na koma jiƙa gari da ƙuli-ƙuli ina kwana da ciki yana ƙugi. Ishaya ne ya ce mu haɗa. Baba yana aiko mani da 'yan tiyoyin hatsi da kayan lambu, shi kuma ana aiko masa da wake da daddawa. Ni in ja ruwa in nemo itace, shi ya dafa.

Na ɗauka wasa yake, sai na ga ya jera duwatsu uku a ƙofar ɗaki ya ɗora tukunya kamar wanda aka haifa a wurin. Ashe uwarsa maza ta haifa zalla, shi ne babba, tun yana ƙarami ta zaunar da shi kusa da ita. Ya san abubuwan da ban taɓa tunanin ana sani ba. Kasuwa sai rana ta yi sanyi yake shiga, lokacin da masu tumatir suke neman rabuwa da wanda ya fashe, mahauta kuma suna tara ƙashi a gefen tebur. Ƙashin nan zai dafa shi a miyar yau, ya tsame, ya sake jefa shi a ta gobe. Wake tun safe yake jiƙa shi da 'yar kanwa don kada ya ci itace. In ya sauke tukunya, yakan yayyafa wa garwashin ruwa ya adana gawayin. Ƙanzon da ya kama gindin tukunya ba ya zubarwa, ya jiƙa shi ya kwana, da safe ya sa ɗan man gujiya da yaji, mu karya da shi mu fita. Da abin da ni nake cinyewa kafin wata ya raba, shi yakan kai mu ƙarshen wata, har wani lokaci mu zuba wa maƙwabci.

Ya kamata in gode masa, kuma da baki ina godewa. Amma kowace loma da na kai baki da ƙyashi nake cin ta. Matan gidan da farko dariya suke masa, daga baya suka koma kiransa ya ɗanɗana masu miya. Iya Tsahara in ta yi sabuwar daddawa shi take fara ba wa. "Ishaya, zo ka ji wagga, ta nuna?" Sai ya shinshina, ya ce a ƙara mata kwana, ta yarda. Ni da nake ja mata ruwa kullum har igiya ta yi mani kanta a tafi, ko sunana ba ta riƙe ba, abokin Ishaya take ce mani. Abin da ya fi ci mani rai shi ne yadda yake magana yana aiki. Innata ta ce kuka ba ta son a rufe ta. Innata ta ce in wake ya fara rawa a rage wuta. Innata ta ce, Innata ta ce. Ni da na tashi a gidan da ya fi nasu iya miya, ba ni da ko kalma ɗaya da zan ce tawa ta faɗa mani, in ban da tashi nan.

Wata Lahadi ya tafi Tibiri sujada, na ce yau zan nuna wa gidan nan girki ba tsafi ba ne. Na hura wuta har ta yi harshe, ruwa ya tafasa, na ɗauki kwanon gari na juye shi gaba ɗaya. Nan take ya dunƙule. Na sa muciya, ta ƙi motsi. Na ƙara ruwa, ya zama wani abu da ba kunu ba ba tuwo ba, gudaji suna yawo a ciki, in ka fasa ɗaya ka ga ɗanyen gari fari fat. Kafin in juyo kan miya, gindin tukunya ya kama, ƙauri ya cika gida. Matan suka fito ɗaya bayan ɗaya, kowace da abin da ta ce ta fito ɗauka. Ba wadda ta yi dariya a fili, da ma sun yi da ya fi mani. Iya Tsahara ta leƙa tukunyar, ta dube ni, ta ce, "Bari Ishaya ya dawo, ɗana." Garin da na ɓata shi ne abincinmu na kwanaki. Da ya dawo sai ya kwashe abin ya shanya a kan kwanon rufi, muka yi ta jiƙa shi muna ci da ƙaurinsa. Sai da muka gama ci ranar farko ya ce, "Gobe ka zamna kusa da ni ka gani, ba wuya gare shi ba." Na ce masa ni ɗinki na zo koyo Maraɗi.

Da damina ta yi tsaka aka kawo Inna gidan likita. Ciwon ciki ne da ta daɗe tana ɓoyewa har ya kayar da ita, aka yi mata aiki. Lokacin noma ne, ba a barin gona. Yayata da ke aure kusa tana jego, sauran suna garuruwa masu nisa, gulbi kuma ya kawo. Ƙanwar Baba ta zauna da ita kwanakin farko, sai aka aiko ɗanta ba lafiya, ta koma. Jinya ta faɗo kaina. A bayan ɗakunan marasa lafiya akwai fili mai bishiyoyin bedi, wato dogon yaro, nan masu jinya suke jera murhunsu, kusan duka mata. Aka ce kada Inna ta ci abu mai nauyi, kunu sai kunu. Na ɗauko 'yar tukunyarmu, na zauna can gefe inda na ga ba a kallona sosai, na dama abin da na ɗauka kunu ne. Ta kurɓa sau ɗaya, ta riƙe a baki, ta haɗiye da ƙyar, ta ce ta ƙoshi. Washegari haka. Na sayo na masu talla, ta ce tsami ya yi yawa, yana tayar mata da zuciya. Ina gani wuyanta yana ƙara tsawo, zoben hannunta yana zamewa. Wata ma'aikaciya ta ja ni gefe ta ce, "In tsohuwar nan ba ta ci ba, ɗinkin ba zai kama ba. Ba ku da mace a gida?"

Ranar da yamma Ishaya ya zo dubiya, da garin katako a gashinsa. Ya dubi ƙwaryar kunun da ke gefe cike, ya dubi Inna. Ya fita ya dawo da 'yar tsamiya da citta a ƙunshe. Ya jiƙa tsamiyar, ya tace garin da gefen ƙyalle mai tsabta har ya yi laushi, ya dama da ruwan sanyi, sannan ya ɗauko tafasasshen ruwa yana zubawa siriri yana juyawa. Matan filin suka bar abin da suke suka zuba masa ido. Ya kawo ya durƙusa. "Inna, ki daure ki kurɓa ko kaɗan." Ta karɓa. Ta kurɓa, ta tsaya, ta sake kurɓa. Ina jin ƙarar haɗiyarta. Ban san lokacin da na ce, "Inna, ɗan Mishan ne fa ya dama" ba. Ba ta ko ɗago kai ba, ta ce, "Na ga lokacin da ya wanke hannu." Ta shanye tas, ta sa yatsa ta suɗe ƙwaryar, gumi ya keto mata a goshi, ta kwanta ta yi barcin da ba ta yi ba tun da aka kawo ta.

Na ji daɗi, Allah ya sani na ji daɗi, don a ranar na san uwata za ta tashi. Amma na fita bayan ginin na tsaya na daɗe ni kaɗai. Ni ta haifa, ni na kwana a ƙasa kusa da gadonta, ni na wanke mata zane, kuma abin da ya dawo mata da rai daga hannun ɗan wata ya fito.

Ishaya ba ya iya zuwa sai an tashi daga aiki, Inna kuwa tana bukatar abu tun da safe. Da gari ya waye na taimaka mata ta fito inuwar bedi, na shimfiɗa mata tabarma kusa da murhu, na ce, "Inna, ki hwaɗa mani yadda ake yi." Ta dube ni. Ta ce, "Auta, don kada a raina ka na kore ka daga wuta." Na ce, "To ga shi an raina ni." Ta yi ɗan murmushi, ta dafe cikinta saboda ɗinkin, ta ce, "Janye itace guda, ba faɗa kake da tukunyar ba. Ɗauko ruwan sanyi. Gari ba ya son a firgita shi." Haka muka fara. Tana kwance a gefe ɗaya, ni a tsugune, tana faɗa ina yi. In na yi sauri ta ce in natsu, in na tsaya ta ce hannu ba ya hutawa sai an sauke. Na farko ya yi ruwa, ta sha rabi. Na biyu ya yi kauri, ta ce in sassauta shi, ta sha. Da aka ce ta fara cin tuwo mai laushi, ta koya mani yin talge, in bari ya dahu har ya daina warin gari kafin in ƙara, in tuƙa daga gefe zuwa tsakiya, in rufe ya turara. Ta koya mani barin daddawa ta tafasa har zafin warinta ya kwanta, da kaɗa kuka kaɗan-kaɗan da maburgi bayan an rage wuta. Gishiri kuwa kullum sai ta ce, "Rage. Ana ƙarawa, ba a cirewa."

A tsakanin tafasa da tafasa sai ta riƙa hira, ƙasa-ƙasa, ido a kan tukunya. Ta ba ni labarin tuwonta na farko a gidan Baba, yadda ya ƙi kamawa ta shiga bayan rumbu ta yi kuka. Ta gaya mani akwai namiji da ta haifa kafin ni, bai yi kwanakin suna ba, abin da ba wanda ya taɓa faɗa mani. Ta gaya mani shekarar yunwa da ta riƙa dafa ganye da dusa tana cewa ta ci a wajen maƙwabta. Sai na gane irin hirar da yayyena suke sha ke nan ina bayan danga. Sun sha ta shekara da shekaru, ni kuwa sai da aka yanka cikin uwata na samu 'yan kwanaki. Har su ma na ji haushinsu, suna can ba su san ina yi ba.

Duk da haka in Ishaya ya shigo da yamma fuskarta ta kan sake. "Ga mai hannu nan," in ji ta. Ta sa shi ya ɗanɗana miyar da na yi, ta jira abin da zai ce, kamar ba ita ta koya mani ba. Ranar da aka sallame ta, a tashar mota, ta daɗe tana sa masa albarka, ta sa wa uwarsa, ta sa wa zuriyar da bai haifa ba. Ni ta juyo ta ce, "Ka riƙa kallon hannunshi." Bayan kaka yayata ta gaya mani abin da Inna take faɗa wa matan Jiratawa: 'ya'ya biyu gare ta a Maraɗi, ɗaya ya iya, ɗaya yana koyo. Daga lokacin duk saƙon da ya zo daga gida akwai ƙunshin busasshen zogale daban, an ce na Ishaya ne. Har ta bar duniya ba ta sauya wannan magana ba.

Na kalli hannun nasa, ta gefen ido, ban taɓa buɗe baki na tambaye shi ba. Na koya. Na iya tuwon da ba gudaji, na iya ɗanwake, na iya dambu, na san ƙashin da ke da romo da wanda ba shi da shi. Rayuwa ta raba mu, ya koma Tibiri ya buɗe shagonsa, ni na buɗe nawa a nan. Da na yi aure na ɓoye iyawata kamar abin kunya, sai in maiɗakina ta haihu in rufe ƙofar gida in ɗora tukunya. A ciwon maiɗakin tawa na ƙarshe ba ta cin na kowa sai nawa, kuma ba zan ɓoye ba, hakan ya yi mani daɗi fiye da yadda ya kamata. Yaran yanzu ba sa rufe ƙofa. Suna ɗaukar hoton abin da suka dafa suna aika wa duniya.

Bana bayan girbi aka ce mani Ishaya ƙafafu sun ƙi, ba ya fita. Na zaɓi hatsi mai kyau na sa aka surfa, na jiƙa tsamiya, na dama kunu da hannuna, na tace shi har sau biyu, na zuba a tarmus mai riƙe zafi, na hau babur ɗin kabu-kabu zuwa Tibiri. Na same shi a ƙofar ɗaki, ya rame. Muka gaisa, muka lissafa waɗanda suka mutu. Na zuba masa a kofi. Ya kurɓa ya ce, "Surukarka ta dama?"

Na ce, "Ni na dama."

"Kai? Yaushe ka koya?"

Na ce, "Ka manta lokacin da Inna ta kwanta likita, ta ƙi cin komai, sai kunun da ka dama mata?"

Ya ce, "Na tuna ta kwanta, Allah ya jiƙanta, mace mai kirki. Amma kunu? Ni na dama?"

'Yarsa da ke shara a gefe ta yi dariya. Ta ce tun da suka buɗe ido ba su taɓa ganin Baba ya ɗora ko ruwan zafi ba. Ya ce ai ranar da ya yi aure ya ajiye muciya bai sake waiwayarta ba, shi da ma dole ce ta sa shi, hayaƙi yana sa masa ciwon kai. Ya miƙo kofin na ƙara masa. Ya shanye, ya goge baki da bayan hannu, ya koma zancen gwiwarsa da tsadar katako. Na zauna har la'asar ina jira ko zai ce ya yi daɗi. Bai ce ba.

A hanyar dawowa, da tarmus wayam a cinyata, na yi ta juya abin. Ƙwaryar kunun da na ɗauka a kai tun ina saurayi har na yi furfura, shi ya ajiye ta tun a bakin ƙofar likita ya wuce abinsa. Ko wannan mantuwar tasa ma sai na ji ina ƙyashinta. Kafin in taso dai na gaya wa 'yarsa kada ta ɗora tukunya ran Asabar. Tuwo zan kai masa, da miyar kuka, in zauna a gabansa har sai ya buɗe baki.